Labarin Grasshoppers ta Owerri, da Filin da Muke Roƙar wa 'Yan Matanmu

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, yanzu kuwa lokacin taron shekara ne a ƙungiyoyinmu na gama kai, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har can Babura bakin iyaka. Mun san abin da zai cinye yawancin zaman: bashin takin da ba a gama biya ba, da farashin riɗi, da wanda zai riƙe makullin sito. Duk da haka muna so mu ƙara wata magana a kan waɗannan, wadda za ta ba waɗansu dariya, waɗansu kuma ta ba su haushi. Maganar ita ce, kowace ƙungiya ta ware ɗan fili da ɗan hatsi, ta kafa wa 'yan matan ƙauyenta kulob na ƙwallon hannu, kulob ɗin kuma ya zama mallakar ƙungiyar kamar yadda injin niƙa ko garmar shanu suke mallakarta. Kafin dattawa su ce mun rasa abin faɗa, a yi haƙuri a ji labarin wani kulob na mata a ƙasar nan, yadda ya hau da yadda ya sauko, gama daga nan ne muka samo dalilinmu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallon hannu wasa ne na mutum bakwai-bakwai, shida a fili, ɗaya tana tsaron gida. Da hannu ake miƙa wa juna ƙwallon, ana neman a jefa shi cikin ragar abokan karawa. Ba a yarda ya taɓa ƙafa ƙasa da gwiwa ba, sai ga mai tsaron gida. Wadda ta cafe shi ba za ta yi fiye da taku uku da shi a hannu ba, ba kuma za ta tsaya riƙe da shi fiye da sakan uku ba. Tilas ta miƙa, ko ta buga shi da ƙasa, ko ta jefa raga. Wannan doka ce ta fi burge mu, don ba ta barin mai rowa ta yi suna. A gaban kowace raga akwai wani zagaye mai nisan mita 6, ba mai taka cikinsa sai mai tsaron gida. Manya suna yin minti 30, su huta minti 10, su sake yin 30. 'Yan shekara 12 zuwa 16 kuwa minti 25-25 suke yi. Wadda ta gaji sai ta fita wata ta shiga, ba a tsai da wasa, ba a kuma ƙidaya sau nawa aka yi canji.

Masu cewa wasan maza ne aka jawo mata ciki, to, tarihi bai goyi bayansu ba. Wani malamin motsa jiki a Balin ta ƙasar Jamus, Max Heiser, shi ya tsara dokokin wasan a watan Oktoba na 1917, domin mata kuwa ya tsara su. Sai bayan shekara biyu wani mai suna Carl Schelenz ya gyara su don maza su ma su shiga. A nan Nijeriya an kafa hukumar ƙwallon hannu ta ƙasa a 1972, sa'ad da ake shirin karɓar Wasannin Afirka karo na biyu, waɗanda aka yi a Legas a watan Janairu na 1973. A shekarar nan ta 1973 kuma aka soma Bikin Wasanni na Ƙasa, inda jihohi suke karawa da juna. Kowace jiha ta shiga neman 'yan wasa a makarantun kwana da kwalejojin horon malamai, ta haka wasan ya bazu.

An ƙirƙiro Jihar Imo a watan Fabrairu na 1976, babban birninta Owerri. Kulob ɗin mata na jihar sunansa Grasshoppers, watau Fara da Hausa. Mun san babu manomin gero da zai raɗa wa abin da yake ƙauna wannan suna, amma su abin da suka duba shi ne tsalle, wanda kuwa ya ga yadda 'yar wasa take tashi sama daga bakin zagayen nan ta saki ƙwallo kafin ta dira, zai gane dalili. A zamanin Sam Mbakwe, gwamnan farar hula na farko a jihar, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, 'yan matan nan suka ɗauko kofin zakarun kulob-kulob na Afirka duka. Ba kuma a kan ragwaye suka ɗauko shi ba. A shekarun nan matan Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa da na Étoile ta birnin Barazabil a Kwango su ne dodannin wasan a nahiyar, kofin a hannunsu yake yawo. Saboda wannan bajinta aka sa wa filin ƙwallon hannu na Owerri sunan kulob ɗin.

Akwai abin da muke so mai karatu ya tsaya ya lissafa da kansa. Yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu na 1970, Owerri kuwa tana cikin garuruwan da suka fi shan wuta, an karɓe ta an kuma sake karɓe ta. Yarinyar da take da shekara ashirin a farkon shekarun 1980, tana 'yar ƙarama aka yi yaƙin nan a kanta, da yunwarsa da gudun hijirarsa. Waɗannan su ne suka tashi suka zama zakarun Afirka cikin 'yan shekaru goma sha. Saboda haka idan wani ya miƙe a taro ya ce 'ya'yanmu na ƙauye ba su da ƙoshi ko gata da za su yi irin wannan wasa, a tuna masa da Owerri. Yarinyar da take ɗaukar tulu daga rijiya, ta yi daka, ta yi sussuka, ta hau duwatsun Roni neman itace, ba ƙarfin dantse ne ya gaza mata ba.

Abin bai tsaya a kulob ɗaya ba. A 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Jihar Kano, ƙungiyar mata ta Nijeriya ta ci kofin ƙasashen Afirka a birnin Alƙahira. Wannan nasara ce ta ba ta kujerar Afirka a wasannin Olamfik na Barselona a 1992. Ƙasashe takwas kaɗai aka ɗiba daga duniya duka a ɓangaren mata. Koriya ta Kudu ta ɗauki zinariya, Norwe ta bi mata, Nijeriya ta zo ta takwas, watau ta ƙarshe. Ba abin kunya ba ne, gama sai a 1976 aka fara shigar da ƙwallon hannu na mata cikin Olamfik, kafin mu kuwa daga Afirka matan Kwango ne suka je a 1980, na Kwaddibuwa a 1988. Abin baƙin cikin shi ne abin da ya biyo baya. Tun daga Barselona har wasannin Faris na 2024, Nijeriya ba ta sake komawa Olamfik a wannan wasa ba, ba ta kuma sake ɗaga kofin Afirka na mata ba. Grasshoppers ba ta mutu ba, tana cikin kulob-kulob ɗin da suka buga gasar ƙasa bayan an farfaɗo da ita a 2018, amma kofin Afirka bai sake kwana a Owerri ba.

Me ya jawo haka? A ganinmu, kulob ɗin gwamnati kamar dashe ne a cikin tukunya. Muddin mai gida yana zuba ruwa safe da yamma, zai yi kore shar, har ya fi na gona kyan gani. Amma saiwarsa ba ta kai ƙasa ba. Ran da mai gida ya yi tafiya, ko aka sake mai gida, shi ke nan. Albashin 'yan wasa da kuɗin mota da kuɗin masauki duk daga aljihu ɗaya suke fitowa, wanda yake riƙe da aljihun kuwa yakan canza, wani da zaɓe, wani da juyin mulki. Farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, idan kuwa ana neman inda za a rage kuɗi, wasanni ne ake fara dubawa, a cikin wasannin ma na mata ne farkon yanka. Ƙari a kan wannan, makarantu da yawa sun saki wasanni, filaye suka koma gonaki ko aka yi gini a kansu. Manya suka tsufa suka yi aure, babu ƙanana a bayansu. Kowane manomi ya san abin da yake samun wanda ya cinye irinsa.

Nan arewa ma muna da namu. Maƙwabtanmu na Katsina, waɗanda gonakin Roni da Gwiwa suke haɗa iyaka da nasu, suna da Desert Queens. Sakkwato tana da Rima Queens, Kaduna tana da Kada Queens, Filato tana da Plateau Peacocks, dukansu kuwa sun buga babbar gasar ƙasa a shekarun da suka biyo bayan 2018, sa'ad da kamfanin Prudent Energy ya ɗauki nauyinta. Wannan ya isa shaida cewa 'yan matan arewa sun iya, iyayensu kuma sun yarda. Amma a lura da wanda ya fi ɗaukar kofin a shekarun nan: Safety Babes ce, ta hukumar kiyaye haɗurra a kan hanya. Ba mu ce jinin 'yan wasanta ya fi na kowa ba. Abin da muka gani shi ne, hukumar da take biyan albashi duk ƙarshen wata tana iya riƙe 'yan wasanta shekara da shekaru, su saba da hannun juna.

Wannan ɗorewa ita ce asirin ƙasar Angola, wadda ta gaje kujerar da muka bari. Tana cikin yaƙin basasa daga 1975 har 2002, amma matanta sun ci kofin Afirka na farko a 1989, zuwa 2024 kuwa sun ci shi sau 16, sun kuma halarci kowane Olamfik tun daga 1996. Ƙashin bayansu kulob-kulob biyu ne na birnin Luwanda, Petro Atlético wadda kamfanin man fetur na ƙasar yake ɗauke da ita tun kafa ta a 1980, da Primeiro de Agosto ta sojoji. Petro ta riƙe kofin da Grasshoppers ta taɓa ɗauka fiye da shekara goma sha biyar a jere, sai a 2014 'yar'uwarta ta karɓe shi. Suna da kuɗin da ba ya yankewa, suna kuma renon ƙananan yara aji-aji. To, mu ba mu da kamfanin mai a Gwiwa. Kada kuma wani ya ɗauka cewa maganin shi ne a samo attajiri. A ƙasar Norwe, inda ba a kukan talauci, akwai kulob ɗin mata mai suna Vipers a garin Kristiansand. Ya ci kofin zakarun Turai sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023, ya tara gwanaye daga ƙasashe dabam-dabam da albashi mai tsoka. A watan Janairu na 2025 bashi ya rufe shi, aka sallami kowa ana tsakiyar kakar wasa. Shekara ɗaya da rabi ke nan tsakanin kofi na uku da rufe ƙofa.

Misalin da ya fi kama da mu yana ƙasar Danmak, ƙasar da Likita Bronnum ya fito ya sauka Numan a 1913. Ƙasa ce ta manoma, ta kuma yi suna a kan gama kai. A 1882 manoman wani ƙauye mai suna Hjedding suka haɗa kuɗi suka kafa gidan sarrafa madara nasu na kansu, kowa ya kawo madararsa, a raba riba gwargwadon abin da ya kawo, a taro kuwa mai saniya biyu da mai saniya hamsin ƙuri'a ɗaya-ɗaya gare su. Cikin 'yan shekaru abin ya game ƙasar. Da wannan hali suka kafa ƙungiyoyin wasanni na ƙauyuka: membobi su biya kuɗin shekara, su zaɓi shugabanni, iyaye su yi aikin sa kai, jama'ar gari su taru su gina zauren wasa saboda sanyin ƙasarsu. Wani malamin makaranta nasu, Holger Nielsen, ya buga dokokin wani irin ƙwallon hannu tun 1906, wasan ya sami gindin zama a zaurukan nan. Amfanin da suka girba shi ne zinariyar Olamfik ta mata sau uku a jere, 1996 da 2000 da 2004. Gaskiya ne manyan kulob-kulob ɗinsu na yau sun zama harkar kasuwanci, sukan shiga bashi kamar na kowa. Amma in babba ya faɗi, ɗaruruwan ƙanana suna nan a ƙauyuka, yara suna ta tasowa, don ba wani mutum ɗaya ne yake riƙe da su ba.

Abin da muke roƙo ke nan, ba ƙari. Ba mu ce ƙungiyar gama kai ta Babura za ta ci kofin Afirka ba, kada kuma a ruɗi yara da cewa wasa zai kai su Turai. Kaɗan ne ƙwarai suke cin abinci da shi, ko da yake akwai waɗanda ya buɗe wa ƙofar aiki a hukumomi masu kulob irin wanda muka ambata. Dalilinmu yana nan kusa da gida. Kowa ya san abin da rani yake yi wa 'yan mata 'yan shekara goma sha biyu zuwa goma sha bakwai a ƙauyukanmu. Aikin gona ya ƙare, samari sun tafi cin rani, ko suna filin ƙwallon ƙafa da la'asar. Yarinya kuwa sai talla, ko a ba da ita aikatau a Kano a hannun wata dillaliya, kuɗin watanta ya zo gida ita ba ta gan shi ba, makaranta kuma ta bi ruwa. Da yawa ba sa komawa aji bayan sun dawo. Muna so kulob ya zama igiyar da za ta ɗaure yarinya da makaranta. Dokar farko da za a rubuta a littafin kulob ita ce, ba mai sa riga sai wadda sunanta yake cikin rajistar makaranta, ko ajin yaƙi da jahilci, tana kuma zuwa. Yarinyar da ta san ranar Asabar za a kara da ƙauyen maƙwabta, ita ce kuma mai tsaron gida, ba sai an kore ta zuwa aji ranar Litinin ba. Uwar da ta ji dandali yana kiran sunan 'yarta, za ta yi tunani sau biyu kafin ta miƙa ta ga dillaliya.

Akwai wani amfani da ya shafe mu kai tsaye. Sau nawa muke kuka a taro cewa mata ba sa magana, an rasa wadda za ta riƙe littafin adashi ko ta zama ma'aji? Ba a koyon shugabanci ran da aka naɗa mutum. Kyaftin da ta saba tsara 'yan'uwanta shida, ta yi wa alƙalin wasa magana da ladabi, ta sha kaye a gaban jama'a ta kuma dawo mako mai zuwa, ita ce sakatariyar ƙungiya bayan shekara goma.

Yanzu sai maganar da ta fi nauyi, watau sutura da kunya. Ba mu raina wannan damuwa ba, namu 'ya'yan ne mu ma. Amma a sani, dokar wasan ta duniya ta yarda a sa ɗankwali ko abin rufe kai muddin na yadi ne mai laushi, ba fil ba ƙarfe. A filin ƙauyenmu kuwa babu wanda zai hana dogon wando da riga mai hannu, telan gari ya ɗinka su da yadi mara nauyi. Ko a Turai ma matan ne da kansu suka yi faɗan sutura. A watan Yuli na 2021 aka ci 'yan wasan Norwe na ƙwallon hannun bakin teku tarar Yuro 1,500 don sun ƙi sa ɗan kamfan da doka ta tilasta musu, suka sa gajeren wando. Duniya ta yi ca, kafin shekarar ta ƙare aka sake dokar. Sauran kuwa tsari ne. A yi wasa da la'asar, a tashi kafin almuru. Kada a taɓa yin horo sai da mata manya biyu a wurin, zumuntar mata ta riƙa ba da su bi da bi. In namiji ne mai koyarwa, kada ya keɓe da yarinya, kada kuma ya yi tafiya da su shi kaɗai. 'Yan matanmu sun saba fita dandali yin gaɗa da dare a farin wata, ba wanda ya ce duniya ta tashi. Wasan rana a gaban iyaye bai fi wannan haɗari ba.

Muna kuma ba da shawara da babbar murya, kada a mai da kulob na 'ya'yan membobi kaɗai. A yawancin ƙauyukanmu ba za mu iya tara 'yan mata goma sha huɗu masu shekaru ɗaya daga gidajenmu ba, ko mun iya ma, da wa za su kara? A je wurin mai unguwa da dagaci tun kafin a sari ƙasa, a gai da liman, a yi wa iyaye bayani gida-gida, a ce ƙofa a buɗe take ga kowace yarinyar gari. A sa iyaye mata daga kowane ɓangare cikin kwamiti, a kuma kiyaye lokutan ibadar kowa wajen tsara ranaku. Wanda ya ƙi a ƙyale shi, ba gardama. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, ba a fili ne za mu raba ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsawon fili mita 40 ne, faɗinsa mita 20, watau wajen kashi ɗaya cikin biyar na eka. Filin ƙwallon ƙafa na manya ya kusa ninka shi tara. Ba a kuma bukatar ƙasa mai kyau, faƙon nan da ko ƙarangiya ba ta son fitowa a kansa shi ya fi dacewa, ko masussukar da ta gama aikinta. Gayyar yini ɗaya ta isa a tsince duwatsu da tsidau, a cike ramuka, a yayyafa ruwa a daɓe. Mutanen Roni da Kazaure su ƙara kula da tsakuwa, don wasan akwai faɗuwa. Raga faɗinta mita 3, tsayinta mita 2. Sandunan turare ko na darbejiya sun wadatar, amma a binne su da zurfi a danne, gama raga mai rawa tana iya faɗo wa yaro. Igiyar rama ta isa saƙa ragar, toka ko farar ƙasa ta isa jan layi. Ƙwallo kaɗai ne sai an saya, a kuma faɗa wa mai kanti lambar da ake so: lamba 2 ga 'yan shekara 14 zuwa sama, lamba 1 ga na ƙasa da haka. Ƙwallon ƙafa ya yi wa tafin hannunsu girma, zai ɓata musu jifa tun daga farko. Mai koyarwa kuwa, a fara tambayar malaman wasanni na makarantun sakandare na kusa. A Kazaure akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, wakilan ƙungiyoyi biyu ko uku suna iya haɗuwa su je su nemi wanda zai koya wa mutum biyu daga kowane ƙauye dokokin cikin 'yan kwanaki.

Wajen kuɗi ne za a gane ko mun ji labarin Owerri ko ba mu ji ba. Kada a taɓa kuɗin taki, kada a taɓa ajiyar membobi. A buɗe shafi dabam a littafi. Kowane memba ya ba da tiya ɗaya ta gero ko dawa a kaka, a adana a sito, a sayar da bazara sa'ad da farashi ya tashi. Ƙungiya mai mutum arba'in ta sami buhu ke nan, buhu kuwa zai sayi ƙwallo da yadi, ya bar canjin kuɗin mota. In 'yan matan suna so, a ba su kuyya kaɗan a gonar ƙungiya su shuka riɗi ko zoɓo da sunan kulob. Ma'aji ta zama mace, a karanta lissafinta a taron shekara kamar na kowa, masu binciken kuɗi su duba shi. Za a sami ɗan siyasa da zai zo da riguna masu hotonsa, musamman in zaɓe ya gabato. Ba mu ce a wulakanta baƙo ba. In ya kawo ƙwallo a karɓa a yi godiya, a rubuta a littafi. Amma kada a sa sunansa a kan kulob, kada kuma a tsara wata tafiya ko gasa wadda in ya janye hannunsa ba za a iya yin ta ba. A kuma fara da ƙanana tare da manya, aji biyu, ko da ƙwallo ɗaya za su riƙa karɓa-karɓa, don kada a wayi gari 'yan wasa bakwai sun yi aure a kaka ɗaya a rasa mai shiga fili.

Daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu akwai Asabar goma sha bakwai ko kusa da haka. Shida na farko a yi su a kan koyon cafewa da miƙawa, sa'an nan a soma ziyartar juna tsakanin ƙauyukan da ƙafa ko amalanke za su iya kaiwa, masu masauki su dafa abinci. Da zafin bazara ya tsananta a mai da wasa can yamma, a ajiye randar ruwa a bakin fili. In hadari ya fara haɗuwa a gabas, a kwance raga a kai sito tare da ƙwallo, kowa ya koma gona. Ƙungiyar da ta amince da wannan shawara a taronta, sakatare ya aiko mana da sunan ƙauyen da yawan 'yan matan da suka ba da suna, mu kuwa za mu buga jerin a fitowa ta gaba domin kowa ya san maƙwabcin da zai kara da shi.